Daga Littafin Baitulmali Zuwa Rumbun Kwamfuta: Tarihin Amanar Rubutu a Ƙasar Dutse

Gabatarwa

A ofisoshin gwamnati da bankuna da asibitoci na wannan zamani akwai wata magana da kusan kowane ma'aikaci ya taɓa ji, ko ya taɓa faɗi, idan kwamfuta ta cije, watau "a kashe a sake kunnawa". Sau da yawa kuwa dabarar takan yi aiki, shi ya sa aka ɗauke ta sha yanzu magani yanzu. Amma fa akwai bambanci mai girma tsakanin kwamfutar da ke kan teburin akawu da babbar na'urar nan da ake kira saba, ko uwar garke, wadda ke riƙe da rumbun bayanan dubban ma'aikata: sunayensu, da matakan albashinsu, da ranar da aka ɗauke su aiki, da abin da ake cire musu na fansho. Irin wannan na'ura, duk sa'ad da aka taɓa ta, a tsakiyar rubutu take. To, ina makomar rubutun da aka fara ba a gama ba a lokacin da ta tsaya?

Wannan lacca za ta bi sawun wannan tambaya a tarihin ƙasar Dutse, domin a nuna cewa matsalar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma maganin da masana suka samo mata a ƙarni na 20 ɗan'uwan wanda malaman Baitulmali suka yi aiki da shi ne. Sa'an nan za a nuna cewa maganin yana da sharuɗɗa, waɗanda cika su yana hannun ma'aikata da shugabanninsu.

Zamanin Alƙalami da Tawada

Kafin zuwan Turawa, Dutse gari ne mai sarautarsa a ƙarƙashin Kano, kuma rubutun hukuma, kamar wasiƙun sarakuna da hukunce-hukuncen alƙalai da rabon gado, da Larabci ake yinsa. Al'ummar da ta san cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ba baƙuwar darajar rubutu ba ce. Malaman wancan zamani suna da al'adu biyu da ya kamata a riƙe su a zuci, domin za a sake gamuwa da su a cikin na'ura. Ta farko ita ce bambanta allo da takarda: allo na aikin yau ne, a rubuta a wanke, ita kuwa takarda ta ajiya ce. Ta biyu ita ce dabarar masu kwafar littattafai. Da yake ba a ɗinke warƙoƙin littafi, sai mai kwafa ya rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ya gama, ta yadda in iska ta watsa littafin, ko wata warƙa ta ɓata, za a iya sake jera shi, a kuma gane inda giɓi yake.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ba a yi shekara goma ba sai da aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka kuma kafa Baitulmali a ƙarƙashin Ma'aji. Daga nan kuɗin haraji da jangali suka riƙa bin hanya mai zango-zango: daga talaka zuwa mai unguwa, daga shi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimin Dutse ko na Birnin Kudu ko na Jahun zuwa birnin Kano. A kowane zango akwai wani lokaci da kuɗin sun bar hannun mai biya amma ba su shiga littafin mai karɓa ba. A wannan tsakani ne kuɗi ke ɓacewa, a nan ne kuma ake karɓar haraji sau biyu daga mutum ɗaya.

Tsarin lissafin da En'e ta yi aiki da shi ya tanadi matakai don rufe wannan giɓi. Akwai rasit mai lamba a jere, wanda ake yage wa mai biya, gindinsa ya zauna a ofis. Akwai littafin kuɗi na yau da kullum, inda ake shigar da kowace ma'amala a daidai lokacin da ta auku, kafin daga baya a kwashe ta zuwa babban littafi, watau leja. Akwai ƙa'idar cewa ba a kankare abin da aka rubuta da tawada, sai dai a ja masa layi, a rubuta gyara, a sa hannu. Daga ƙarshe akwai rufe littafi, inda dole abin da ya shiga da abin da ya fita da abin da ya rage a akwati su yi daidai. Asalin wannan tsari tsoho ne, domin tun a 1494 wani malamin lissafi mai suna Luca Pacioli ya bayyana shi a littafin da aka buga a birnin Benis na ƙasar Italiya, kamar yadda fataken can suke yi: kowace ma'amala tana da ƙafa biyu, kuma tana shiga littafin yini kafin ta shiga leja. Fa'idar wannan a fili take. Ko da akawu ya faɗi rashin lafiya yana tsakiyar cika leja, wanda ya gaje shi zai ɗauki littafin yini ya ga inda aka tsaya, ya ƙarasa.

Daga Fayil Zuwa Na'ura

An kafa Jihar Kano a 1967, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, sa'an nan gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979. Nauyin rubutun hukuma sai ya koma kan fayil ɗin ma'aikaci da takardar biyan albashi. Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Jigawa daga Kano, Dutse ta zama hedikwata, Kanar Olayinka Sule ya zama shugabanta na farko. Kafa sabuwar jiha yana nufin raba ma'aikata da kadarori da takardu, kuma duk fayil ɗin da ya bar Kano bai riga ya isa Dutse ba yana cikin wancan tsakani ne da aka ambata, illa dai yanzu abin da ke kan hanya shekarun aikin mutum ne.

A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, Jigawa ta yi suna wajen rungumar fasahar sadarwa tun sauran jihohi da yawa ba su farga ba. An kafa kamfanin Galaxy a Dutse domin shimfiɗa hanyar intanet, an kuma buɗe cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure a 2001. A wannan zamani ne kuma jihar ta fara tsarin fansho na karo-karo ga ma'aikatanta da na ƙananan hukumomi, tun kafin dokar gyaran fansho ta tarayya ta 2004. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta soma biyan albashi ta tsarin IPPIS a 2007, aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN a 2014, hukumar JAMB kuma ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. Cikin shekara ashirin, albashin malamin makaranta a Kiyawa, da sakamakon ɗalibi a Dutse, da cinikin ɗan kasuwa a Shuwarin, duk sun zama layuka a rumbun wata na'ura, wadda galibi masu su ba su taɓa ganinta ba.

Abin da ke Faruwa a Cikin Na'ura

Kowace saba tana da ma'aji iri biyu. Akwai ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda ke da saurin gaske amma ba ta riƙe kome sai da wutar lantarki, ita ce allon na'ura. Akwai kuma faifai, wanda ke riƙe abin da aka rubuta masa ko babu wuta, shi ne takardarta. Tsohon faifai mai juyawa sau 7,200 a minti yana zagaye 120 ne kacal a daƙiƙa, alhali ƙwaƙwalwa ta fi shi sauri sau dubbai. Ko sababbin faifan da ba sa juyawa ba su kamo ta ba. Saboda haka manhajar rumbun bayanai ba ta rugawa faifai da kowane ɗan gyara. Takan ɗebo bayanai shafi-shafi ta ajiye a ƙwaƙwalwa, ta yi gyare-gyarenta a can, sai an jima ta mayar da shafukan kan faifai. Ma'ana, a kowace daƙiƙa akwai abubuwan da na'ura ta sani waɗanda ba su riga sun sauka a takarda ba.

Tsayawar saba iri uku ce. Ta farko ita ce kashewa bisa ƙa'ida: a daina karɓar sabon aiki, a ƙarasa ko a warware wanda ke hannu, a kwashe duk abin da ke ƙwaƙwalwa zuwa faifai, sa'an nan a kashe. Wannan daidai yake da akawun da ya rufe littafinsa kafin ya tashi, kuma ba a asarar kome. Ta biyu ita ce tsayar da manhaja da ƙarfi, ko ta faɗi da kanta. Ta uku, wadda ta fi muni, ita ce ɗaukewar wuta, ko wani ya danne maɓalli, ko ya zare waya. A biyun ƙarshe, an wanke allo ke nan kafin a kwafe shi.

Ɓarnar da ke iya biyo baya kala biyu ce. Ta ɗaya, ma'amala mai ƙafa biyu ta tsaya da ƙafa ɗaya. Alal misali, a cire kuɗin fansho daga albashin ma'aikaci, wuta ta ɗauke kafin a rubuta shigarsu asusun fansho. Lissafin wata zai nuna an cire, lissafin asusu ba zai nuna an karɓa ba, kuma mai yiwuwa ba wanda zai lura sai ranar da mutumin ya zo ajiye aiki. Ta biyu, shafi ya yage. Manhajar PostgreSQL tana aiki da shafi mai bayit 8,192, ta InnoDB da ke cikin MySQL kuma mai 16,384, amma faifai yana rubutu ne gutsure-gutsure, bayit 512 ko 4,096. In wuta ta yanke a tsakiya, sai a sami shafin da rabinsa sabo ne, rabinsa tsoho, wanda ba ya karantuwa a matsayin ko ɗaya.

Yadda Masana Suka Shawo Kan Matsalar

A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da tsarin ajiye bayanai a jadawali masu dangantaka da juna. A cikin shekarun da suka biyo baya, masu binciken kamfanin a San Jose ta ƙasar Amurka suka gina rumbun gwaji mai suna System R, kuma a cikinsu akwai Jim Gray, wanda aikinsa a kan ma'amala ya sa aka ba shi lambar yabo ta Turing a 1998. A 1983 wasu masana biyu na ƙasar Jamus, Theo Härder da Andreas Reuter, suka taƙaita sharuɗɗan ingantacciyar ma'amala guda huɗu, waɗanda aka sani da haruffan ACID. Biyu daga ciki su ne suka shafi wannan lacca kai tsaye. Na farko, ma'amala ba ta rabuwa: ko ta cika dukkanta, ko ta zama kamar ba a taɓa farawa ba, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Na biyu, abin da aka tabbatar ya dawwama: da zarar na'ura ta ce "an yi", to ko wuta ta ɗauke a daƙiƙa mai zuwa, maganar tana nan.

Hanyar cika waɗannan sharuɗɗa ita ce dawo da littafin yini. Kafin a taɓa kowane shafi na babban rumbu a kan faifai, sai an fara rubuta bayanin gyaran a wani littafin jeri na musamman, inda ake ƙari a ƙarshe kawai, ba a kankara, kuma kowane layi yana da lambarsa a jere. Ba a kuma ce wa mai aiki ma'amalarsa ta tabbata sai layin da ke nuna cikarta ya sauka a kan faifai. Lokaci-lokaci na'ura takan yi zango, ta kwashe shafukan da ke ƙwaƙwalwa zuwa rumbu, ta yi alama a littafin jeri. A 1992 C. Mohan da abokan aikinsa a IBM suka wallafa tsarin farfaɗowa mai suna ARIES, wanda ya zama abin koyi. Bisa wannan tsari, idan saba ta tashi bayan faɗuwa, takan yi aiki uku kafin ta buɗe ƙofa: ta karanta littafin jeri daga zangon ƙarshe don ta san halin da aka tsaya, ta maimaita gyare-gyaren da ba su isa rumbu ba, sa'an nan ta warware duk ma'amalar da ba ta kai ga tabbata ba. Shi kuwa yagaggen shafi, maganinsa shi ne ajiye cikakken kwafinsa a wani wuri kafin a rubuta shi a mazauninsa. PostgreSQL ta sami littafin jeri a 2001, MySQL kuma ta mayar da InnoDB zaɓinta na asali a 2010, bayan shekaru tana aiki da tsarin MyISAM wanda ba shi da wannan kariya.

Abin lura a nan shi ne, jinkirin da saba ke yi bayan ta tashi daga faɗuwa alamar lafiya ce. Magajin akawu ne yake bin littafin yini layi-layi. Haka kuma aikin da ma'aikaci yake tsakiyar shigarwa, wanda na'ura ba ta ce ta karɓa ba, ɓacewarsa daidai ce, sai ya sake shigarwa.

Inda Bango ke Tsagewa

Duk da wannan tanadi, bayanai suna lalacewa har gobe, kuma dalilan sanannu ne. Na farko, faifan da ke yin ƙarya. Faifai da yawa suna da 'yar ƙwaƙwalwarsu, suna iya amsa cewa sun rubuta alhali abin yana allo. In ba su da batirin da zai ba su damar ƙarasawa, to alkawarin dawwama ya karye. Haka nan idan mai kula da rumbu ya kashe umarnin jiran faifai don neman sauri.

Na biyu, manhajar ofis da ba a gina ta bisa ƙa'ida ba. Rumbu yana kare ma'amalar da aka ƙulla masa ne kawai. Idan manhajar albashi tana tabbatar da kowane ma'aikaci shi kaɗai, ta tsaya a tsakiyar jeri, aka sake farawa daga sama ba tare da an duba inda aka kwana ba, wasu za su sami biya sau biyu. In kuma aka ɗauka an gama, na ƙarshen jeri za su tashi a tutar babu. Ofishin da ke ajiye lissafinsa a fayil guda na Excel, kowa yana buɗewa yana rufewa, shi ba ya ma cikin wannan kariya tun farko.

Na uku, ma'amalar da ta ratsa rumbu biyu. Wanda aka taɓa cire wa kuɗi a na'urar ATM ko a wurin mai POS, kuɗin ba su fito ba, ya ga wannan da idonsa: bankinsa ya tabbatar da cirewa, amsar ɗaya ɓangaren ta ɓata a hanya. Yawan wannan koke ne ya sa Babban Bankin Nijeriya a 2020 ya ƙayyade wa bankuna wa'adin mayar da kuɗi, inda ya ce kada ya wuce sa'a 48 idan a na'urar wani banki aka yi cirewar.

Na huɗu, gaggawar ɗan'adam. Akwai mai ganin littafin jeri ya cika faifai, sai ya goge shi don samun wuri, bai san ya ƙone littafin yini ba. Akwai mai mayar da wuta ba bisa tsari ba. Ranar 27 ga Mayu, 2017, an katse wutar cibiyar bayanan kamfanin jiragen sama na British Airways kusa da filin jirgi na Heathrow a Landan, aka mayar da ita ba bisa ƙa'ida ba, na'urori suka lalace, fasinjoji kimanin 75,000 suka rasa jirgi. A watan Janairun wannan shekara kuma wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya goge rumbun kamfanin bisa kuskure, aka waiwayi hanyoyin ajiyar kwafi da aka tanada aka tarar ba sa aiki, daga ƙarshe aka yi asarar bayanan kimanin sa'a shida. In haka ta faru ga masu wuta dare da rana, ina ga Dutse, inda ofis ke sauyawa tsakanin wutar KEDCO da janareta da hasken rana, kuma kowane sauyi ƙaramar faɗuwa ce ga sabar da ba ta da batirin ko-ta-kwana? A watan Oktoba na 2024, sakamakon lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa, Jigawa da maƙwabtanta sun yi fiye da mako guda cikin duhu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ƙa'idar ba ta sauya ba tun zamanin Ma'aji: a rubuta a littafin yini kafin leja, kada a kankare, a sa lamba a jere, a kuma daidaita lissafi kafin a tashi. Abin da ya sauya shi ne, dā rasit yana hannun talaka, yana iya nuna shi a gaban hakimi, yanzu kuwa shaidar mutum sau da yawa tana cikin na'urar da ake ƙorafi a kanta. Wannan ya ƙara nauyin amana a kan hukuma, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin kiyaye ingancinsu.

Saboda haka ya wajaba ga kowace ma'aikata ta mayar da kashe saba aikin hukuma, mai lokaci da izini da rubutaccen dalili, kuma kada a yi shi a tsakiyar aikin albashi. Ya wajaba a tanadi batirin da zai riƙe na'ura har ta kashe kanta bisa ƙa'ida, a riƙa gwada shi. Ya wajaba a ajiye kwafin rumbu a wani gini dabam, a kuma riƙa gwada dawo da shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan kowace faɗuwa, a gwama jimillar rumbu da ta banki kafin a ci gaba. Shi kuma ma'aikaci, ya adana takardar ɗaukarsa aiki da ta ƙarin girma da ta albashinsa na wata-wata. Su kuwa ɗaliban ilimin kwamfuta na Dutse da Kazaure, waɗanda gobe su ne masu riƙe da waɗannan rumbuna, ya kamata su san cewa kujerar malamin Baitulmali suka gada, kuma kowane layi da ke cikin jadawalinsu haƙƙin wani bawan Allah ne.